Asusun buɗe ido: yadda za mu shirya zuwa ganin tabkuna da gandun dajin ƙasarmu

Tun daga rabon asusun da ya wuce wata magana take yawo cikin ƙungiyoyinmu na Kwanni da Malbaza da Illela: mu ware wani abu daga ribarmu, mu ɗauki mota, mu je mu ga wurin da ba mu taɓa gani ba. Wasu sun ga hotuna cikin wayar ɗiyansu, tabki shimfiɗe kamar tabarma, ruwa na zubowa daga kan dutse, giwaye na shan ruwa. Sunan da anka fi ambata shi ne gandun dajin W. Wasu kuma sunka ce kuɗin da munka tara da guminmu ba na yawon kallo ba ne, a bar shi ya yi jari.

Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Mu abin da muke gani shi ne tafiyar ta cancanta, amma sai an shirya ta kamar yadda muke shirya zubi, da ƙa'ida, da kaye da bik, ba tare da an taɓa uwar kuɗi ba. Kuma a fara da ruwan da ke kusa da mu kafin a hango na nesa. Ga dalilanmu.

Mene ne gandun dajin W?

Can kudu da Yamai, cikin jihar Tillaberi, kogin Kwara ya yi lanƙwasa har ya zana siffar harafin W, wanda ƴan lakwal ke cewa dubul-be. Daga nan sunan ya samo asali. Dajin na ƙasa uku ne, Nijar da Benin da Burkina Faso, kuma tun 1954 anka keɓe shi, ba noma, ba farauta, ba saran itace. Rabon Nijar eka 220.000 ne, irin ekar nan ta nasara mai mita 100 kowace kusurwa. A 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya, a 2017 kuma anka haɗa shi da dazuzzukan Arli da Panjari na maƙwabta.

Ƙofar shigarsa tana Tapowa, wajen kilomita 150 daga Yamai. Ruwa ne ya yi ma dajin iyaka: gulbin Tapowa ta arewa, gulbin Mekuru ta kudu, Kwara ta gabas. Tapowa da Mekuru sun ratsa duwatsu sun yi kwazazzabai masu zurfi. A kan Mekuru, can ɓangaren da Benin ta haɗu da Burkina, akwai magangarar ruwa ta Kudu, inda ruwa ke faɗowa daga bisa dutse. Akwai giwa da zaki da ɓauna da gwanki da gadu da birai, cikin ruwa kuma dorina da kada da ayu. An ƙirga tsuntsaye sama da iri 350. Kakanninmu sun san da yawa cikin waɗannan namun a dajin Adar, mu kuwa sai a tatsuniya. Don haka ba laifi ba ne mace ta yi marmarin ta gan su da idonta kafin ta koma ga Allah.

Me ya sa ba yanzu ba?

Abu na farko tsaro. Shekarun nan ƴan bindiga sun sami mafaka cikin dajin, masu yawon buɗe ido sun daina zuwa. A watan Fabrairu na 2022 an kashe mutum 9 a ɓangaren Benin, mafi yawansu masu tsaron dajin ne. Ranar 17 ga Afrilu 2025 an kai hari wajen magangarar ruwan nan ta Kudu da mahaɗar iyakokin uku, gwamnatin Benin ta ce sojanta 54 sunka rasu. Ko Kure, inda raƙuman dawa suke a gefen hanyar Yamai, an kashe mutum 8 can ranar 9 ga Agusta 2020, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, direba da ɗan jagora. Allah ya jiƙan waɗanda sunka rigaye mu, ya zaunar mana da ƙasa lafiya. Wurin da soja da makaminsa bai tsira ba, ba wurin da shugabar ƙungiya za ta kai mata 25 ba ne. Duk wanda ya zo maku da cewa ya san wata hanya ta baya, ku sallame shi.

Abu na biyu nisa. Daga Kwanni zuwa Yamai wajen kilomita 420 ne, a ƙara 150 na Tapowa, ya kama 570. Zuwa da dawowa kilomita 1.140 ke nan, ga kwana a hanya, ga kuɗin shiga da na ɗan jagora. Ko da lafiya ta samu, wannan tafiya ce ta ƙungiyar da ta saba fita tare, ba ta fitar fari ba.

Ga masu cewa su fa ruwa mai zubowa daga dutse suke son gani, sai mu faɗa maku gaskiya, ƙasarmu ta Adar ba ta da irinsa in ba da damina ba, lokacin da koramai ke gangarowa daga tsaunuka. Wanda anka sani a Nijar yana Timiya, cikin duwatsun Abzin, can gaba da Agadas. A Najeriya akwai na Gurara cikin jihar Neja, akwai kuma gandun Yankari na jihar Bauci mai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki. Duk waɗannan tafiyar kwanaki ce. Mu rubuta su cikin kaye, Allah ya kai mu lokacinsu.

Ruwan da ke ƙofar gidanmu

Mu tambayi kanmu, mata nawa ne cikinmu sunka taɓa tsayawa bisa barajin Mozage? Muna cin albasa da tumatir da alkamar fadamar Kwanni, muna sayar da su, amma da yawa ba mu san inda ruwan ke fitowa ba. Gulbin Majiya ne anka datse a Mozage da Zango. Daga can ruwan ke bin babbar lamba ya sauka matarar Cerasa, sannan a rarraba shi cikin gonaki eka sama da 2.400. Abin da ya tsere ma madatsun ya bi Majiya ya ƙetare iyaka zuwa tabkin Kalmalo, wajen Illelar Najeriya. Wannan ziyarar wuni guda ce, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar sakaliya. Ƴan Malbaza da Dogarawa kuma ga barajin Galmi nan kusa, garin da albasarsa ta yi suna har ƙasashen bakin teku.

Mataki na biyu shi ne tabkin Tabalak, a gefen hanyar Agadas, wajen kilomita 50 gaba da Tawa. Daga Kwanni abin bai wuce kilomita 180 da ƴan kai ba, ƴan Illela da Badagishiri kuwa sun fi kowa kusa. A 2005 anka sa shi cikin jerin dausayin da duniya ta amince a kiyaye, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda ta ɗauki sunan garin Iran da anka sa mata hannu a 1971. Duk wanda ya bi wannan hanya ya san kifin Tabalak. Akwai masunta da jiragensu, akwai lambuna kewaye da ruwa, akwai garken raƙuma da shanu masu saukowa shan ruwa. Hausawa da Abzinawa da Fulani duk tabkin nan ke ciyar da su. Lokacin ɗari tsuntsaye ke cika shi, kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela, da waɗansu baƙin da ke tasowa tun daga Turai su ƙetare hamada su zo su yi sanyi wurinmu.

Yamma da Illela kuma akwai tabkin Ɗan Dutsi, shi ma ya shiga jerin Ramsar a 2005, shi ma na kifi ne da tsuntsaye. Sai dai wannan ɓangare na yamma yana cikin wuraren da ake fama da rashin tsaro, kada ƙungiya ta sa ranar zuwa sai hukuma ta ce hanya ta yi kyau.

Wadda burinta zaki da dorina ne, akwai su a gidan tarihi na Bubu Hama cikin Yamai, wanda anka buɗe tun 1959, ga kuma kogin Kwara ya ratsa gari. In wata na da bikin dangi ko wata hidima can, ta ware awa biyu ta shiga.

Tafiya ba ɓarnar kuɗi ba ce

Ga amsarmu ga masu cewa yawon kallo ne. Mutanen Illela da Badagishiri sun san tassa, ramukan nan da ake haƙawa a fako a zuba taki, ruwan sama ya taru ciki, hatsi ya fito inda da ko ciyawa ba ta tsirowa. Yaya anka yi ta bazu a wajenmu? Ƙarshen shekarun 1980 wani aikin raya karkara ya ɗauki manoma ƙalilan daga ƙasar Illela ya kai su Yatenga, cikin Burkina Faso, sunka ga yadda mutanen can ke gyara ramukan. Da sunka dawo sunka gwada a gonakinsu, maƙwabta sunka gani sunka kwaikwaya. Yau fako da yawa ya koma gona, har saye da sayarwa ake yi na ƙasar da a da ko kyauta ba mai so. Tafiya guda ce ta jawo wannan. Gani ya kori ji.

Ita kanta Mata Masu Dubara haka ta yi. A 1991 ta fara cikin ƙauyukan Maraɗi tare da ƙungiyar CARE, mata na ganin ta wurin ƴan uwansu suna ɗauka, har ta ƙetare zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Saboda haka in za mu fita, mu fita da tambayoyi. A Tabalak mu zauna da mata masu suya da bandar kifi, mu ji yadda suke saye wurin masunta, itace nawa suke ƙonawa, kwana nawa bandarren kifi ke yi bai lalace ba, ko akwai hanyar da za mu riƙa saro shi muna kawowa kasuwanninmu. A Mozage mu roƙi ma'aikatan ONAHA ko shugabannin manoma su nuna mana yadda laka da rairayi ke cike baraji. Duk ƙasar da ruwa ya kwasa daga tudun da anka sare ma itace, cikin tabki take ƙarewa, tabkin ya riƙa raguwa shekara bisa shekara. Wadda ta ga wannan da idonta ba sai an yi mata dogon bayani kan murhu mai tsimin itace ko jera duwatsu a gona ba. Iyayenmu mata na Keita su ne sunka ɗauki mafi yawan aikin gyaran ƙasa da anka fara can a 1984, da duwatsu bisa kai.

Kuɗin tafiya

Doka ta farko: ba a taɓa uwar kuɗi, ba a taɓa asusun taimako. Na farko jarinmu ne, na biyu na ranar ciwo da haihuwa da rasuwa ne. A buɗe asusu na uku, da jakarsa dabam cikin akwati, da shafinsa dabam cikin kaye. Shiga ba dole ba ce. Wadda ba ta so, ko ba ta da hali bana, kada a yi mata gori, kuma kada a ci ta tara.

Ga misalin lissafi. Mata 25, kowace ta zuba dala 50 a mako, wato sefa 250. Mako guda an tara 6.250. Cikin mako 20, wata biyar ke nan ba kaɗan, an sami jikka 125. In dala 20 ƙungiya ke iyawa, cikin mako 20 an tara jikka 50, wanda zai iya isa ziyarar wuni guda nan kusa. Kafin a yanke yawan zubi, a tura mata biyu tasha su tambayi direba uku kuɗin shata, zuwa da dawowa da jira. Da wannan farashi za a san ko mako 20 ya isa ko sai an ƙara.

A kasa kuɗin kashi huɗu: mota, abinci da ruwa, goron ɗan jagora da na masu masauki, sai kuma ajiyar ko-ta-kwana. Wannan ta ƙarshe kada ta gaza kashi ɗaya cikin biyar, don taya na fashewa, mutum na zazzaɓi. In an dawo ba a taɓa ta ba, a raba ko a bar ta ta zama harsashin tafiya ta gaba. Tun ranar farko a rubuta abin da za a yi ma wadda ta zuba amma lalura ta hana ta zuwa. Shawararmu, in ta faɗa kafin a biya mota a mayar mata da kuɗinta duka, in bayan an biya ne a cire rabonta na mota a ba ta saura. Maganar da ba a rubuta ba ita ke raba ƙungiya. Direba kuma a ba shi rabi gaban shaidu, sauran sai an sauke mu gida.

Wane lokaci?

Da damina koramai na yanke hanya, ga aikin gona, ga sauro. Da bazara tabki ya janye ya bar taɓo, zafi kuma ba ya barin tsofaffi su sake. Lokacin da ya fi shi ne bayan an kai amfanin gona gida, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ruwa na nan cike, tsuntsaye sun zo, rana da sauƙi. Mun san lokacin ne kuma na dashen albasa da ban ruwa, don haka kowace ƙungiya ta dubi aikinta. A kauce ma ranar kasuwar garinku, da watan azumi, da makon da wata cikinmu ke aurar da ɗiya. In ana son fita a Disamba, zubi ya fara tun Yuli.

Gida da hukuma

Kada maigida ya ji labari a bakin wani. Kowace ta shaida ma nata tun ranar da anka fara zubi, ba daren tafiya ba. Inda abin ya yi tauri, shugaba da wata dattijuwa su je su gaida shi su yi masa bayani: ga inda za mu, ga mai mota, ga lokacin dawowa. A sanar da maigari da liman, a nemi dattijo ɗaya ko biyu da kowa ya yarda da su su raka mu, kuɗin motarsu bisa asusu. A tambayi malam hukuncin sallar matafiyi tun kafin a tashi. A shirya wadda za ta riƙe yara da girki da dabbobi. Goyo na tafiya da uwarsa, amma yara masu gudu a bar su gida, bakin ruwa ba wurin wasansu ba ne.

Mako guda kafin tafiya ƴan biro su je gidan magajin gari da wurin jandarmomi su faɗi ranar da hanyar, su ji ko akwai wata doka ko hani. A sake tambaya ana gobe tafiya, don labarin hanya na sauyawa cikin dare ɗaya. In anka ce a dakata, a dakata, kuɗinmu na nan cikin akwati ba ya ruɓewa. A nemi ma'aikatan gandun daji na wurin da za a je, su ke kula da tabkuna da kamun kifi, su ne kuma za su haɗa mu da wanda ya san wurin. In akwai ƙungiyar mata a garin, a aika masu tun da wuri. Baƙuwar ƴar asusu ba ta rasa tabarma da inuwa.

Ranar tafiya

Kowace ta riƙe katinta na ɗan ƙasa, akwai shingayen bincike a hanya. A rubuta sunayen matafiya da lambar wayar gidajensu a takarda biyu, ɗaya ta tafi da magatakarda, ɗaya ta zauna wurin maigari. A dubi motar da rana tun jajibiri, tayoyi da birki da tayar canji. Kujera 18, mutum 18. A tashi bayan sallar asuba, a juyo da wuri yadda magariba za ta same mu gida. Ba tafiyar dare. Zinariya da kuɗi masu yawa su zauna ɗaka.

Guzuri daga gida ya fi araha: dambu, kwaɗon zogale, ƙuli-ƙuli, fura, da bido biyu ko uku na ruwan pampo. A riƙe garin gishiri da sukari na likita saboda zawo, da maganin zazzaɓi, da sabulu. Mai ciwon sukari ko hawan jini kada ta manta ƙwayoyinta. Mai tsohon ciki ta haƙura sai wata fita.

A bakin ruwa kuma a kiyaye abu uku. Kada a sha ruwan tabki, kada a yi wanka ko a tsaya ciki. Ruwan da ke kwance shi ke ɗauke da tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini, kuma ta fata ƙwayar ke shiga, ba sai an sha ba. Na biyu, yawancinmu ba mu iya iyo ba. In za a shiga jirgi a shiga kaɗan-kaɗan, yadda mai jirgi ya ce, a zauna, ba tashi tsaye don ɗaukar hoto. Gefen baraji da bakin lamba suna da santsi da zurfi, a tsaya nesa. Na uku, ledar da munka zo da ita mu koma da ita. Akuya ko saniya ta ci leda mutuwa take yi, kuma masu wurin da ruwan nan suke rayuwa. Kafin a ɗauki hoton mutum a nemi izininsa, kusa da soja ko shingen bincike kuwa waya ta zauna cikin jaka.

Bayan an dawo

A taron mako na gaba ma'ajiya ta karanta abin da anka kashe, dala bisa dala, gaban kowa har da waɗanda ba su je ba. Sannan mata biyu ko uku su ba da labarin abin da sunka gani da abin da za a iya gwadawa a garinmu. Magatakarda ta rubuta shi ta aiko mana, mu buga a wannan jarida, da farashin motar da sunan hanyar da kunka bi, don ƙungiyar da za ta bi bayanku ta huta da tambaya.

Abin da muke roƙo shi ne kowace shugaba ta sa wannan magana cikin taronta na wannan wata. A tambayi su wa ke so, a zaɓi wuri ɗaya na kusa, a tura mata biyu tasha. Bana Mozage ko Galmi, baɗi Tabalak in Allah ya yarda. Ranar da lafiya ta dawo dajin W anka buɗe ƙofar Tapowa, za ta tarar da mu mun iya tafiya tare, da asusunmu a shirye. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka cikin zubinmu.